Cikin da Ya Kwanta

Ranar da Jimrau ya kawo ungozoma, Ma'u tana surfe a tsakar gida. Da ta ji kukan jaki a ƙofa, ta kuma ji muryarsa yana sallama, sai taɓarya ta kufce mata.

Shekara uku ke nan Ma'u tana ɗauke da cikin mijinta Tanimu, wanda maciji ya sara a gona da hantsi, ya cika kafin la'asar. Haka duk Dakoro ta sani. Dakoro kuwa a wancan zamani, lokacin da Gobirawa ke ta gwabzawa da mayaƙan Sakkwato, 'yan gidaje ne kewaye da rijiya, in ka yi tari a wannan gefe sai a yi maka sannu daga wancan. Kowa ya ga cikin nan ya fito yana wata biyar, kowa kuma ya ga ya shafe bayan rasuwar. Tsofaffi suka ce firgita ce ta kwantar da shi, ɗan yana nan yana barci, ran da Allah ya nufa zai tashi. Ba a kanta aka fara ba.

Liman ya yanke magana: matar mamaci mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu, kwantaccen ciki kuma ana jiransa har shekara biyar. Saboda haka Ma'u ta zauna gidan mijinta, ba kwalli, ba lalle, ba kitso, ba mai ikon buɗe baki ya nemi aurenta.

Masu jira kuwa biyu ne. Akwai Abarci, yayan marigayi, mai gidan yanzu, wanda tun ba a share makoki ba ya fara cewa gonar ƙanensa da matar ƙanensa ba inda za su. Akwai kuma Jimrau.

Jimrau shi ne na farko. Da shi aka yi mata alkawarin aure kafin ya bi ayarin gishiri, ayari ya dawo da labarin mahara sun kashe shi. Ma'u ta yi kukan shekara guda, sannan ta auri Tanimu, mutum mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ashe Jimrau yana raye can arewa, an kama shi ana sa shi kiwon raƙuma. Bana da damina ya kuɓuto, ya iso gida a rame, ya tarar da wadda ya rayu dominta ɗaure da cikin da ba ya gaba ba ya baya.

Ungozomar da ya ɗauko daga Birnin Lalle ana ce mata Goggo Safi, wata gajeriyar tsohuwa mai taba a lunƙume a kumatu. Ba irin wadda ake kira ta yanke cibiya ta kama gabanta ba ce. Ita tarewa take yi wurin mai ciki, ta dafa mata saiwoyi, ta matsa mata jiki, ta riƙe ta a kan gwiwa, ta yi mata wankan jego har arba'in. An ce ta tada kwantaccen ciki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tunkiya guda Jimrau ya mallaka a duniya, ita ya kai mata, ya ɗora tsohuwar a jaki ya biyo ta a ƙasa.

Uwale, uwar marigayi, ta fito tana lalube a jikin danga, domin idanunta sun tafi tun kukan ɗanta.

"Marhaban, 'yar'uwa," ta ce tana dariya. "Ke za ki tada mini jikana? Barci ya yi mashi yawa. Ubanshi ma haka yake, sai an yayyafa mashi ruwa."

Ma'u ta durƙusa ta gaida baƙuwa, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Kullum safiya tsohuwar nan Uwale takan kira ta, ta kara kunne a cikinta, ta ba ɗan labarin gari: wa ya haihu, wa ya mutu, akuyar wa ta shiga gonar wa. Ma'u marainiya ce, ba ta san wata uwa ba sai ita. Shekara uku tana tsayawa kamar gungume ana yi wa cikinta hira.

Da la'asar Jimrau ya zagayo bayan gida. Tun da ya dawo bai taɓa ganin fuskarta sosai ba, sai ta tsakanin karan danga, shi a waje ita a ciki.

"Ma'u."

"Na'am."

"Kin gan ta? An ce hannunta da albarka."

"Wa ya sa ka, Jimrau? Da ka shawarce ni."

Ya dafa karan danga. Sannan ya ce, "Baba ya ba ni wa'adi. In anka gama kaka ban yi aure ba, zai ɗaura mini da ɗiyar ƙanenshi. Ya rantse gaban dattawa. Wata ukku ya rage mini."

Hawaye suka zubo mata, ta danne baki da gefen zane.

"Kada ki yi kuka. Ɗan Tanimu ɗana ne. In ya zo, ni za ni goya shi a wuya, in koya mashi noma. Ban taɓa jin haushin yaron nan ba, Allah shaida. So nike kawai ya tashi ya sake mini ke."

"In bai tashi ba fa?"

"Zai tashi. Shekarun da na yi ina bin bayan raƙuman wasu, da sunanki nike kwana, da shi nike tashi. Allah bai fiddo ni daga can don in tsaya bakin danga ba."

Ta so ta faɗa masa a lokacin. Wannan mutum mai gaskiya kamar ruwan rijiya, da wane baki za ta fara?

Goggo Safi ba ta yi gaggawa ba. Kwana shida tana kwana ɗakin Ma'u, tana dama mata kunun kanwa, tana gasa mata ƙugu da ruwan zafi da ganyen sabara, tana shafa mata man shanu a baya. Ba ta tambayi komai ba, ba ta kuma taɓa cikin ba. Sai surutu take yi a kan matan Birnin Lalle da rakinsu, har Ma'u ta ji kanta tana dariya, abin da ta manta yadda ake yi.

Rana ta bakwai, rana na tsaka, gari ya yi tsit, kaji sun buɗe baki a inuwar rumbu. Ma'u tana zaune bakin gado sai ta miƙe zumbur, ta juya fuska yamma.

"Mi kike ji?" Goggo ta tambaya.

"Ba komi."

"Jiya ma war haka kin yi hakanan. Shekaranjiya ma. Kwanta, ɗiyata."

Ta kwanta. Tsohuwa ta ɗora tafin hannu ƙasan cibiyarta, ta danna nan, ta danna can, ta daɗe idonta a rufe. Sannan ta ja zane ta rufe ta, ta tofar da tabar bakinta a kasko.

"Na taɓa kwantaccen ciki da hannun nan," ta ce a hankali. "Yakan dunƙule kamar curin fura. Nan ba kowa. Gidan ya daɗe da tashi. Ina kika kai shi?"

Ma'u ta juya ga bango, ta fashe da kukan da ta shekara uku tana haɗiyewa. Goggo ba ta hana ta ba, sai ta ɗauki kanta ta ɗora a cinya.

"Kwana goma sha biyu da rasuwar Tanimu," Ma'u ta ce da ƙyar, "na saci jiki na tahi gonar yamma in ga wurin da ya faɗi. Nan naƙuda ta kama ni, ni kaɗai. Ya zo bai numfasa ba. Bai kai tsawon hannuna ba, Goggo, amma komi nashi ya fito, har farce. Na yaga zanena na naɗe shi, na tona gindin aduwa da icce na rufe shi."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Na dawo in faɗi. Na iske wani falke zamne ƙofar gida, shina ba maza labari ya ga Jimrau da idonshi, da rai. Na shiga gida, na iske Abarci shina ce ma Inna ran da na haihu ranar za a sa maganar aurena da shi. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da gidan zuwa. Sai na shige ɗaki na ce zazzaɓi nike. Da cikin ya shafe, Inna ta ce, ko ya kwanta? Na ce i."

"Kalma guda."

"Kalma guda, Goggo. Na ce wata ukku, wata huɗu, Jimrau ya iso in warware. Sai ya yi shekara ukku." Ta ja numfashi. "Kwanakin da bai kamata in yi salla ba ma nakan tsaya in yi ta gaban mutane, don kada a gane. Kuma kullum rana tsaka ina jin kukanshi daga yamma. In ya yi kukan sai in ji abu ya motsa mini a ciki. Har na fara cewa ko mafarki na yi, ko shina nan da gaske."

Goggo ta share mata fuska da tafin hannu.

Ma'u ta kama hannun ta riƙe. "Ki taimake ni. Ki ce kin tada shi ya zube. Mu naɗe tsumma mu rufe bayan ɗaki. Ba wanda zai sani."

"Ni na sani, ke kin sani, na gindin aduwa ya sani. Shekara arba'in ina karɓar ɗiyan mutane, masu rai da marasa rai, ban taɓa rufe tsumma ba. Kuma in kin rufe, kukan nan ba zai bar ki ba." Ta gyara zama. "An ɗauko ni in zamna da ke har ki sauke abin da kike ɗauke da shi. Ba a ce mini sai jariri ba. Ki faɗi da bakinki, ina bayanki."

Washegari da hantsi aka kira liman. Maza suka zauna a zaure, mata suka tsaya daga ciki bayan asabari. Ma'u ta durƙusa, Goggo ta dafa kafaɗarta kamar yadda take dafa mai naƙuda. Ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

Sai Abarci ya yi wata 'yar dariya.

"Malam, ka ji ikon Allah. Shekara ukku ciki na nan. Yau da wa'adin wani ya matso, ciki ya zama ba shi. Ɗan ƙanena za a ɗauka a kai gidan wani a canza mashi uba."

"Ni na duba ta," Goggo ta ce daga bayan asabari. "Ba komi."

"Wa ya ɗauko ki, Goggo? Jakin wa kika hau? Tunkiyar wa ke ɗaure gidanki?"

Nan fa aka yi cirko-cirko. Jimrau, wanda ya ba da tunkiyarsa ya yi tafiyar yini don ya kawo mai taimako, sai ga shi da hannunsa ya ɓata shaidar da za ta cece shi. Abarci kuwa ba son ɗan ƙane ne ya dame shi ba, kowa a zauren ya san haka. Ya lissafa cewa bayan kaka Jimrau ya zama mijin wata, shi kuma ba inda za shi.

Liman ya daɗe yana shafa gemu.

"Shaidar mace guda, wadda mai neman aure ya ɗauko, ba ta isa ba," ya ce. "Ita kuma Ma'u ta faɗi magana biyu, ban san wadda zan ɗauka ba. Hanya ukku ce. Ko a tona gindin aduwa a gani. Ko uwar mamaci, wadda ta fi kowa haƙƙi a kan jikan nan, ta yarda da bakinta ba shi nan. Ko a cika shekara biyar."

"Shina nan," muryar Uwale ta fito, siririya. "Ko yau da sahe na ji motsinshi. Yarinyar ga ba ta da lahiya, rana ce ta buge ta."

"To, a kawo hauya," in ji Abarci.

Ma'u ta runtse ido. Ta ga ƙasar nan ana buɗe ta, ta ga guntun zanenta, ta ga maza sun sunkuya suna leƙe. Kafin ta iya magana, sai ta ji muryar Jimrau, wadda tun da aka zauna ba a ji ta ba.

"Ba a tonawa."

"Kai ne da asara," Abarci ya ce.

"Na ji. Ba a tonawa."

Ya tashi ya fita. Ta tsakanin asabari ta ga bayansa, bai waiwayo ba. Ko fushi ne, ko kunya, ko tausayi, ba ta sani ba, rashin sanin nan kuma ya fi komai ci mata rai.

Taro ya watse. Matan maƙwabta da suka shekara uku suna aiko mata da tsamiya da ɗanwake don mai ciki suka wuce ta gefenta ba wadda ta ce uffan.

Uwale ta shige ɗakinta. Ma'u ta tsaya bakin ƙofa.

"Shiga," Goggo ta ce. "Wagga ita ce naƙudar. Waccan ta zaure somin taɓi ce."

Ta shiga, Goggo ta zauna a dokin ƙofa. Tsohuwa tana kan tabarma ta fuskanci bango. Ma'u ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna."

Ma'u ta ƙara matsawa kusa.

"Inna, ki yi mini duk abin da kika ga dama. Na ci amanarki."

Can Uwale ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Namiji ne?"

"Namiji ne, Inna."

Kafaɗun tsohuwa suka girgiza. Ta miƙo hannu tana lalube har ta samu wuyan hannun Ma'u, ta damƙe.

"Ki bar mini shi," ta ce. "Shekara biyu ta rage. Ni ba kai su za ni yi ba, ke ma kin gani. Ki bar ni in mutu ina da jika. In anka rufe ni ki auri wanda kike so. Ban taɓa roƙonki komi ba."

Wannan roƙo ya fi hauyar Abarci zafi. Ma'u ta san in ta ce to, gobe da safe komai zai koma yadda yake, za ta sake samun uwa, Jimrau kuma ya tafi ke nan. Ta san kuma ba don Jimrau kaɗai bakinta ya ƙi furta to ɗin ba.

"Ba zan iya ba, Inna," ta ce, hawaye na bin haɓarta. "Shekara ukku shina can shi kaɗai. Ba a yi mashi addu'a ba, ba a yi mashi sadaka ba, ko suna ba shi da. Ke kina yi mashi hira inda ba shi, ni ina jin kukanshi inda yake. Ni na hana mashi kaka. Ki zo in kai ki."

Hannun da ke riƙe da ita ya saki a hankali.

Uwale ta zauna haka har inuwa ta fara gajarta a tsakar gida. Sannan ta laluba ta ɗauki sandarta, ta yunƙura. Ma'u ta kai hannu za ta tallafe ta, ta kauce.

"Safi," ta ce, "kina nan?"

"Ina nan, 'yar'uwa."

"Zo ki riƙe ni. Ita ta wuce gaba ta nuna hanya. Mu biya ta wajen malam, in faɗa mashi abin da yake son ji, ya zo ya raɗa ma jikana suna."

Ma'u ta kife a ƙasa ta kama ƙafafunta. "Inna, na gode. Inna…"

"Ba don ke na yi ba." Tsohuwa ta janye ƙafarta, muryarta ba faɗa ba kuka. "Ki yi aurenki, Allah ya ba ki masu rai. Amma daga yau kada ki ƙara ce mini Inna."